Yadda ƙauyukan bakin gandun daji za su ci moriyar zuma da kaɗanya ba tare da sun cinye dajin ba

Gandun dajin Yankari ya kai murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi a 1956, aka buɗe shi ga baƙi a 1962, ya zama gandun daji na ƙasa a 1991, sannan ya koma hannun gwamnatin Jihar Bauchi a 2006. Duk tsawon wannan lokaci mutanen Mainamaji da na ƙasashen Duguri da Pali da Gwana a Ƙaramar Hukumar Alkaleri suna ganin motocin baƙi na wucewa zuwa Wikki, masaukin baƙi da ke cikin gandun, amma kaɗan ne daga cikinsu ke samun aiki a ciki. Haka abin yake a kewayen Gashaka-Gumti da ke tsakanin Taraba da Adamawa, da Kamuku a ƙasar Birnin Gwari. Yawon buɗe ido yana da lokacinsa, kuma da an ji labarin rashin tsaro sai ƙafa ta ɗauke. Ƙauyen da ya jingina da shi kaɗai, ƙarshe gawayi da farauta da shigar da shanu cikin dare ne za su ciyar da shi.

Abin da ke ɗorewa shi ne sana'ar da kuɗinta ke fitowa daga itace yana tsaye. A dazuzzukanmu na arewa, manyan guda biyu su ne zuma da kaɗanya. Ga yadda ake kafa su a ƙauye.

Yarjejeniya kafin a sayi ko ƙusa ɗaya

Doka ta hana shiga gandun daji don ɗiban zuma ko saran itace ko kiwo ba da izini ba. Saboda haka wurin aikin shi ne filayen gari da gonaki da saurukan da ke wajen iyaka. A fara da zama guda wanda ya haɗa dagaci ko mai unguwa, da wakilin hukumar gandun, da sarkin baka, da arɗon Fulanin yankin, da shugabar mata masu tsintar kaɗanya. Idan aka bar arɗo a baya, za a kafa amya a kan burtali ko a bakin mashaya, shanu su ture ta, ƙudan su harbi yaro mai kiwo, rigima ta tashi. Idan aka bar mata a baya, za a ba wa maza wurin da su matan suka saba tsinta.

A taka filin da ƙafa, a sa alama da fenti a jikin itatuwa, a rubuta takarda da Hausa, kowa ya sa hannu ko ya dangwala. Abin da takardar za ta ƙunsa bai da yawa: inda za a rataye amya, wane ne mai kowace amya, itatuwan da aka haramta sara (kaɗanya, ɗorawa, tsamiya, kanya, ɗinya, marke), watan da za a share layin kare wuta, da tarar wanda ya karya doka da kuma inda tarar za ta shiga. Mallakar amya ta zama ta mutum ɗaya ɗaya. Kayan aiki masu tsada da wurin tacewa da sayarwa su ne na ƙungiya. Amyar da aka ce ta kowa ce, babu mai zuwa duba ta ranar da tururuwa suka hau.

Ƙungiya ta yi mutum 15 zuwa 25. A yi mata rajista a ofishin ƙungiyoyin gama kai na jiha, don ta iya buɗe asusun banki ta kuma ƙulla ciniki da sunanta.

Amyar da ta dace

Amyar gargajiya ta ciyawa ko ta kara da ake shafe wa kashin shanu ba ta da tsada, kuma ƙudan zuma suna son ta. Matsalarta tana wajen ɗiba: ana zuwa da dare da wuta a tsinken ciyawa, a ƙone ƙudan, a kwashe saƙa duka har da 'ya'ya. Zumar ta fito da toka da warin hayaƙi, gidan ya mutu, kuma sau da yawa daga nan wutar daji ke tashi. Amyar ɓawon itace ta fi muni, domin sai an kashe babban itace kafin a samu guda.

Amyar katako mai sanduna, wadda aka fi sani da ta Kenya, kafintan ƙauye zai iya haɗa ta. Akwati ne mai tsawon kusan mita ɗaya, sama faɗi ƙasa tsuke: faɗin sama kamar santimita 45, na ƙasa kamar 20, zurfi 25 zuwa 30. Ana jera sanduna 27 zuwa 30 a kwance a bakinsa, su ne rufinsa na ciki, kowace sanda ƙudan su gina saƙa ɗaya a ƙarƙashinta. Awon da ba a wasa da shi shi ne faɗin sanda: milimita 32, wato santimita 3.2. Wannan ita ce tazarar da ƙudan zumar Afirka ke bari daga tsakiyar saƙa zuwa tsakiyar ta kusa da ita. In kafinta ya yi 38 ko 40 don ya ga katakon ya fi kyau, ƙudan za su gina saƙa a gicciye ta haɗe sanduna uku ko huɗu, ba za a iya ɗaga ɗaya ba sai an fasa. A yanka ma'auni ɗaya na ƙarfe a ba kafinta, kowace sanda a gwada ta kafin a biya shi.

A tsakiyar ƙasan kowace sanda a tsaga ɗan layi a zuba narkakken kakin zuma, ko a manna siririn katako a shafe shi da kaki. Nan ƙudan za su fara gini. Ƙofa kuwa ramuka ne shida zuwa takwas masu faɗin milimita 8 zuwa 10 a gefe ɗaya. In ramin ya fi haka, ƙadangare da manyan ƙwari za su shiga. Katako ya zama busasshe sosai, domin ɗanye yana lanƙwashewa ya buɗe kafa. Kada a yi wa cikin akwati fenti, kada kuma a shafa masa maganin gara. Murfin sama na kwano ne, amma a sa ciyawa ko buhu tsakaninsa da sanduna, in ba haka ba zafin watan Afrilu zai narkar da saƙa ta zube.

Wanda ba shi da kuɗin katako yana iya gina jikin akwatin da laka ko ya saƙa shi da gora ya yaɓe, ya sayi sandunan kawai.

Inda za a ajiye ta

A nemi inuwa, nesa da gidaje da hanyar mutane da ta dabbobi da aƙalla mita 100. Ƙudan zuma na iya tafiyar kilomita biyu zuwa uku neman fure, saboda haka amyar da ke wajen iyaka tana cin furen cikin gandun ba tare da kowa ya taka doka ba. Wannan shi ne babban amfanin makwabtaka da dajin da ba a sare ba, kuma shi ya sa zumar bakin gandun daji ta fi ta inda aka share ƙasa yawa.

A rataye akwatin da waya mai kauri tsakanin itatuwa biyu ko turaka biyu, tsayin ƙugun mutum zuwa ƙirji, ya daidaita ba karkace ba. Karkataccen akwati yana sa saƙa ta fito a karkace. A shafa giris ko baƙin mai a wayar, a riƙa sabuntawa duk bayan mako biyu ko uku, domin ƙura tana rufe shi tururuwa su bi ta kai. A share ciyawar ƙasan, kada wani reshe ya taɓa akwatin. Dage yana iya ture amyar da aka ɗora a kan dutse ko benci ya fasa ta, amma wadda ke lilo a waya tana ba shi wuya. A ɗaure murfi da waya saboda gwaggon biri da iska.

Kada a cika wuri ɗaya. Amya 10 zuwa 15 sun isa, sai a tsallake kamar kilomita ɗaya a kafa wani rukunin.

Ruwa shi ne abin da aka fi mantawa. Daga Fabrairu zuwa Afrilu, in babu ruwa kusa, ƙudan za su cika bakin rijiyar gari su hana mata ɗiba, ko su tashi gaba ɗaya. A ajiye kasko ko rabin jarka a inuwa, a zuba tsakuwa ko guntayen kara don su samu wurin tsayawa, a sa wa mutum ɗaya alhakin cika shi.

A rataye amya da zarar damina ta ɗauke, kafin kaɗanya da ɗorawa su yi fure a tsakiyar rani. A goge cikin da kaki mai ɗumi. Duk mako biyu a buɗe wadda ba a shiga ba, a kore gizo-gizo da zanzaro da ɓera, domin ƙudan ba sa shiga gidan da wani ya riga su. Wadda ta yi wata uku babu kowa a canza mata wuri. Wasu suna ɗora ta can sama a reshe har sai ƙudan sun shiga, sannan su sauko da ita da dare, dabara ce mai kyau.

Ɗiba da tacewa

Nan ne ake samun kuɗi ko a yi asararsa. Babban lokacin ɗiba a yawancin yankin shi ne ƙarshen rani, wajen Maris zuwa Mayu, wasu wuraren kuma a samu kaɗan bayan damina. A je da yamma liƙis ko da sassafe, mutum biyu, da hular raga da riga mai kauri da safar hannu da bokitin roba mai murfi. Hayaƙi a cikin gwangwanin hura hayaƙi za a yi shi, da busasshen kashin shanu ko totuwar masara ko ruɓaɓɓen itace. Hayaƙin ya zama fari mai sanyi. A hura kaɗan a ƙofa, a jira minti ɗaya ko biyu, a fara buɗewa daga bayan akwati, ɓangaren da ya fi nisa da ƙofa, domin a nan suke tara zuma, 'ya'yan kuma suna kusa da ƙofa.

Saƙar da za a yanka ita ce wadda ƙudan suka toshe aƙalla kashi uku cikin huɗu na ramukanta da farin kaki. Wadda ba a toshe ba ruwanta ya yi yawa. Zumar da ruwanta ya wuce kashi 20 cikin 100 tana tsami, ta yi kumfa, ta kumbura jarka, kuma ɗanyar saƙa ɗaya tana iya ɓata bokiti guda. A riƙe sanda a tsaye yadda saƙa ke rataye, in aka kwantar da ita za ta karye. A yanke a bar kamar faɗin yatsa a jikin sanda don su ɗora sabon gini. Da an iso saƙar da ke da ƙwai da tsutsa a tsaya. A bar musu saƙar zuma biyu ko uku. Mai haɗamar da ya kwashe duka zai tarar da akwati fayau a tsakiyar damina, lokacin da fure ke ƙaranci.

A gida, a ware saƙa fara da baƙa tun kafin a farfasa, kowace da bokitinta, domin farar ta fi tsada. A farfasa, a zuba a kan ƙyalle mai tsabta ko rariya da aka ɗaura a bakin wani bokitin, a rufe, a bar ta ta tsiyaye kwana ɗaya ko biyu a ɗaki mai ɗumi. Sannan a bar tatacciyar ta kwanta kamar kwana uku zuwa mako, a kwashe kumfa da guntayen kakin da suka taso. Kada a ɗora zuma a wuta. Dafawa tana baƙanta ta, tana kashe ƙamshinta, kuma masu saye da yawa suna ganewa. Kada a zuba ta a jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko manja ko maganin feshi, ko an wanke. Jarkar ta bushe ƙarau, domin zuma tana jan danshi. Ƙungiya ta sayi 'yar na'urar auna ruwan zuma guda ɗaya, ɗigo ɗaya ake sa mata, a auna ta kowa a gabansa kafin a haɗa.

Kakin da ya rage kuɗi ne, amma a ƙauyuka da yawa zubar da shi ake yi. A wanke shi, a sa a tukunyar alminiyom da ruwa, a ɗora a wuta marar ƙarfi. Yana narkewa a wajen digiri 62 zuwa 64, ba ya buƙatar tafasa. A tace da buhu a cikin roba, a bari ya huce a hankali, a ɗauke curin da ya daskare a sama, a kankare dattin ƙasansa. Tukunyar baƙin ƙarfe tana dusashe launinsa. Masu man shafawa da masu kyandir da masu gyaran fata suna saye, ba ya lalacewa, kuma da shi za a jawo ƙudan zuwa sababbin amya.

Wajen lissafi a yi tsantseni. A ɗauka ƙungiya mai mutum 20 ta rataye amya 60, rabi ne kawai aka shiga a shekarar farko, kowace ta ba da kilo 8. Kilo 240 ke nan, kuma tun da litar zuma tana da nauyin kusan kilo 1.4, an samu lita 170 da ɗan kai. Wanda ya yi wa mutane alƙawarin ninkin wannan a shekarar farko, shi zai sa su watsar da aikin a ta biyu.

Wuta da feshi

Wutar Janairu da Fabrairu, lokacin da ciyawa ta bushe ƙayau iska na kaɗawa, tana ƙone amya, tana kuma ƙone furen kaɗanya, a yi asara biyu a shekara ɗaya. A share layi mai faɗin mita biyar zuwa shida kewaye da wurin amya tun a Oktoba ko farkon Nuwamba. In za a ƙona ciyawar kewaye, a yi a lokacin da take da sauran danshi, da yamma, da sanin ma'aikatan gandun, mutane na tsaye da ɗanyen ganye.

Maganin feshin wake da na auduga yana kashe ƙudan zuma. Alamarsa tarin matattu a ƙofar amya. A roƙi manoman kusa su yi feshi da yamma bayan ƙudan sun koma, su kuma sanar kwana ɗaya kafin nan.

Inda giwaye ke shiga gona

A kewayen Yankari wannan ba ƙaramar magana ba ce, garke ɗaya na iya gama gonar mutum a dare guda. Giwa tana tsoron ƙudan zuma, suna harbinta a hanci da gefen ido. A Kenya, wata mai bincike, Lucy King, da ƙungiyar kare giwaye ta Save the Elephants sun gwada shingen amya: ana rataye amya a turaka kewaye da gona, kamar taku goma-goma, ana sa ta gaske da ta bogi bi da bi, a haɗa su duka da waya ɗaya. In giwa ta taɓa wayar, amyoyin su girgiza, ƙudan su fito. Binciken da suka yi ya nuna shingen ya mayar da giwaye kusan sau 8 cikin 10. Sharaɗin shi ne amyoyin su kasance da ƙudan a ciki. A shekarar fari da ƙudan suka gudu, ƙarfinsa yana raguwa sosai. Ya fi dacewa da ƙaramar gona da ke kan hanyar da giwayen suka saba bi, kuma ba ya hana a ci gaba da gadi da sanar da ma'aikatan gandun.

Kaɗanya

Itacen kaɗanya yana shekara 15 zuwa 20 kafin ya fara 'ya'ya, buhunan gawayin da za a samu a jikinsa kuwa mako ɗaya za a ci kuɗinsu. Ingancin ƙwara yana lalacewa ne a kwanakin farko bayan tsinta. A tsinci wadda ta faɗo da kanta, a cire naman, a tafasa ƙwarar cikin kwana biyu ko uku na tsawon minti 30 zuwa 40 don kada ta tsira, domin wadda ta fara tsiro manta yana ɗaci. A shanya a kan tabarma ko leda ko siminti, ba a ƙasa ba, a kwashe in hadari ya taso. In ta bushe har tana kaɗawa a cikin ɓawo, a fasa, a sake shanya ƙwayar, a tsince baƙaƙe da masu fumfuna. Busarwa a kan hayaƙi tana sa manyan masu saye su ƙi ta. A zuba a buhun algarara, a ɗora a kan katako nesa da bango. Buhun leda yana riƙe gumi.

Matan da suka sayar a watan Yuli, lokacin da kowa ke da ita kuma ana neman kuɗin abinci, su ne ke samun mafi ƙarancin farashi. Maganin wannan asusu ne. Tsarin Mata Masu Dubara da ƙungiyar CARE ta fara a Nijar a 1991 ya bazu ƙasashe da yawa: ana zubi duk mako a akwati mai kwaɗo uku, makullan a hannun mutum uku, ana ba mambobi rance na ɗan lokaci, a raba a ƙarshen shekara. Mai buƙata ta karɓi rance a damina, buhunta ya jira rani.

Itacen girki ma sai an yi masa tanadi, in ba haka ba ƙafa ba za ta daina shiga gandun ba. Manoman Maraɗi da Damagaram sun dawo da itatuwa a miliyoyin kadada tun daga shekarun 1980 ba tare da dashe ba: wajen sassabe, a kowane kututture mai tohowa a zaɓi rassa uku zuwa biyar mafiya ƙarfi a bari, a sare sauran, a riƙa yi musu aski duk shekara. Cikin shekara uku ko huɗu askin kansa yana ba da itacen wuta da ganyen dabbobi.

Kasuwa

A nemo mai saye tun kafin ɗiba. A kai samfur masaukin baƙi na gandun, da shagunan Bauchi ko Gombe ko Jalingo, da masu sayar da magungunan Musulunci, waɗanda ke sayen zuma duk shekara. Abin da ke damun mai saye a birni shi ne algus, saboda haka ƙungiya ta rubuta a dokarta cewa duk wanda aka kama ya haɗa da sukari ko ruwa an kore shi. A zuba a kwalabe sababbi na rabin lita da lita ɗaya, a manna takarda mai sunan ƙungiya da ƙauye da watan ɗiba. Manyan kantuna za su nemi lambar NAFDAC, wadda ke buƙatar ɗakin tacewa mai siminti da silin da raga a taga, don haka a fara ware kuɗinsa tun daga cinikin farko.

Daga kowane ciniki a cire kashi 10 cikin 100 a asusun gyara: waya, giris, sanduna, hular raga da ta yage. In wata ƙungiyar agaji ko hukumar gandun ta kawo amya kyauta, a karɓa, amma kowane mamba ya biya wani abu a asusun kafin a ba shi, a kuma rubuta cewa amyar da aka bari wata shida ba kulawa za a miƙa ta ga na gaba a layi. Magatakarda ya riƙe littafi mai shafi ɗaya ga kowace amya: lambarta, mai ita, ranar da ƙudan suka shiga, ranar ɗiba, da kilo nawa ta bayar. Bayan shekara biyu littafin zai nuna wurin da ya kamata a ƙara amya da wurin da za a kwashe su.